Jar kunamar hamada: wa take kashewa, kuma me za a yi a sa'o'in farko?

Tambaya: Likita, aiki ya mayar da ni Arlit, ina kuma shirin ɗauko iyalina, har da yara biyu, mai shekara 3 da mai shekara 6. Abokan aiki suna ta ja min kunne a kan wata 'yar siririyar kunama mai ruwan ɗorawa, wai ta fi baƙin duwu da muka sani a gida haɗari nesa ba kusa ba. Da gaske tana kisa? In ta harbi yaro me zan yi? Wani kuma ya ce min dafinta ya fi zinariya tsada, in riƙa kamawa ina tarawa.

Amsa: Malam, abokan aikinka sun gaya maka gaskiya, ka gode musu. Tana kisa. Sai dai ba kowa take kashewa ba, kuma wannan bambancin shi ne abin da nake so ka riƙe fiye da komai a cikin amsar nan. Kai, da girmanka da lafiyarka, in ta harbe ka za ka kwana kana kiran sunan Allah saboda azaba, amma galibi gari zai waye ka tashi. Ɗanka mai shekara 3 shi ne wanda take iya ɗaukewa kafin asuba. Saboda haka duk abin da zan faɗa, yaran nan biyu nake kallo.

Wadda ake yi maka maganarta tana cikin jinsin da masana suke kira Leiurus, kuma wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Leiurus quinquestriatus. Wasu Jamusawa biyu masu binciken halittu, Hemprich da Ehrenberg, suka tattaro ta a tafiyarsu ta Masar da Sudan, aka wallafa bayaninta a ƙarshen shekarun 1820. Kalmar farko a sunan nata tana nufin mai sumul ɗin wutsiya, ta biyu kuma mai zane biyar, saboda wasu layuka biyar masu tudu da ke gadon bayanta. Turawa suna kiranta da wani suna mai ma'anar mai bin sawun ajali. Mu dai jar kunama muke cewa, ko da yake launinta ya fi kusa da na busasshiyar ciyawa ko na yashin da take kwance a kai, shi ya sa ido ba ya saurin kama ta. Tsawonta bai cika wuce na yatsan babban mutum ba. Hannuwanta sirara ne dogaye kamar hantsaki, wutsiyarta ma siririya ce, kuma sau da yawa gaɓar da ke dab da ƙarin takan yi duhu, kamar an ɗiga mata tawada. A da ana ɗauka iri ɗaya ce tun daga Mali da Aljeriya har Masar da ƙasashen Larabawa. Daga baya aka gane 'yan'uwa ne masu kama da juna, aka rarraba su, har an bayyana wata daga arewacin Kamaru a 2006, wata kuma daga Najeriya a 2021. Wannan rabe-raben aikin masana ne. A wajenka duk wadda ta zo da wannan siffa abar gudu ce.

Ba ita kaɗai ba ce a yankin da za ka zauna. Akwai Androctonus, mai kaurin wutsiya, wadda ma'anar sunanta ma mai kashe mutum ne, kuma ita ce ta fi yin ɓarna a Aljeriya, inda ake ƙirga harbi wajen 50,000 a shekara. Abin da zan faɗa a kan Leiurus ya hau kanta ita ma.

Duwu kuwa girma ne da ban tsoro kawai. Ƙarfinsa a manyan hannuwansa yake, da su yake murƙushe abincinsa, dafinsa kuma a jikin mutum bai cika wuce zafi da ɗan kumburi ba. Ita jar kunama ba ta da ƙarfin hannu, sai aka ba ta a dafi. Ga ma'aunin da za ka koya wa uwargida: in hannuwa ƙatta ne, da sauƙi, in hannuwa sirara ne, a yi hattara. Ma'aunin ba ya cin kowace kunama a duniya, amma a ƙasashenmu yana aiki. Cikin nau'o'in kunama sama da 2,500 da aka sani, 'yan goma-goma ne kawai ke iya kashe mutum, kuma kusan dukkansu dangi ɗaya ne da wannan, dangin da ake kira Buthidae.

Yanzu ga yadda dafin yake aiki, don in ka gane wannan za ka gane dalilin duk shawarar da ke tafe. Dafin kububuwa yana ɓata jini, mutum ya yi ta zubar da jini, ƙafa ta kumbura. Na kunama ba haka yake ba. Sau da yawa za ka duba wurin harbin ka rasa ko tabo, babu kumburi, babu jini. Shi kan jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki yake faɗawa. Kowace jijiya tana da wasu 'yan ƙofofi da suke buɗewa sinadarin sodiyam ya shiga, su rufe nan take, a haka saƙo ke tafiya. Dafin yana tokare ƙofar ta kasa rufuwa da wuri, sai jijiya ta yi ta aika saƙo ba ƙaƙƙautawa, kamar ham ɗin mota da ya maƙale. A wurin harbin wannan shi ne raɗaɗin da mutum ke ji kamar an ɗora masa garwashi, yana tsartuwa sama. In dafin ya yi yawa ya bi jini, sai ya taɓa jijiyoyin da ke tafiyar da zuciya da gumi da miyau da hanji, waɗanda ba da umarninmu suke aiki ba. Jiki ya kwararo da sinadarin adirenalin da 'yan'uwansa fiye da kima. Jini ya hau, zuciya ta yi ta dukan uku-uku har tsokarta ta gaji ta raunana. Idan ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya koma ya taru a huhu. Yawancin yaran da kunama ke kashewa ta nan take kashe su: gazawar zuciya da ruwa a huhu.

Ƙarfin dafin Leiurus yana sahun gaba a duk kunamun duniya. A gwajin da ake yi da ɓeraye, kimanin rubu'in miligiram a kan kowane kilo na nauyin jiki ya isa ya kashe rabinsu. Abin da ke cetonmu shi ne ƙanƙantar abin da take zubawa, kuma ba kowane harbi take juye dafinta duka ba, wani lokaci gargaɗi kawai take yi. To amma lissafa da kanka. Kai wataƙila kana da kilo 70, ɗanka mai shekara 3 bai wuce kilo 14 ba. Ɗigon da ya shiga jikinka, in shi ya shiga nasa, ya zama ninki biyar. Bayan yara, waɗanda nake jin tsoro a kansu su ne tsofaffi, masu ciwon zuciya ko hawan jini, da mata masu juna biyu.

Wani bincike da Chippaux da Goyffon suka wallafa a 2008 ya ƙiyasta harbin kunama sama da miliyan 1.2 a duniya kowace shekara, mutuwa kuma sama da 3,000. Ka ga ke nan mafi yawan waɗanda aka harba suna rayuwa. Ko a wuraren da kunamun suka fi mugunta, wajen mutum ɗaya cikin goma ne dafin ke kai wa ga mummunan hali, sauran zafi ne kawai na wasu sa'o'i. Wannan adadin yana kwantar da hankali, amma kuma shi ne tushen babbar matsalar da muke fama da ita a asibiti. Duk abin da aka shafa wa mutum tara cikin goma, za su warke, domin da ma za su warke. A shafa kananzir, su warke. A daka kunamar a ɗaura a wurin, su warke. A manna baƙin dutse, su warke. Sai kowane gida ya zama yana da makarin da aka gwada aka ga aikinsa. Ranar da aka zo kan na goman, wanda galibi ƙaramin yaro ne, sai a zauna ana jiran laƙanin ya yi aiki har numfashi ya fara sarƙewa. Ba raina iyaye nake yi ba, abin da suka gani da idonsu suke bi. Amma na tsaya a kan yaran da aka kawo bayan sa'a shida ko bakwai, huhu ya riga ya cika, kuma a duk lokacin abin da ke ci mini rai shi ne da a sa'ar farko aka zo, da muna da abin yi da yawa.

Saboda haka ga hukuncina a kan 'ya'yanka, ba tare da kwana-kwana ba. In kunama ta harbi ɗayansu a Arlit, ko wace iri ce, ko ka gan ta ko ba ka gan ta ba, ka ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, ko da ƙarfe biyun dare ne. Kada ka jira alama. Yaro ƙarami ma ba zai iya ce maka kunama ce ba. In ya farka cikin dare da ihu na fitar hankali, yana riƙe ƙafa ko hannu, ka duba ba ka ga ciwo ba, ka ɗauka ita ce.

Alamomin da ke nuna dafi ya wuce wurin harbi ya shiga jiki, ya kamata kai da uwargida ku haddace su. Gumi ya riƙa karyo wa yaro har rigarsa ta jiƙe. Miyau ya riƙa dalala, hawaye da majina suna zuba. Amai, ciwon ciki, wani lokaci da zawo. Tsigar jiki ta tashi, jiki ya riƙa karkarwa, yaro ya kasa zama wuri ɗaya, ko ya rikice ya daina gane mutane. A ɗa namiji gabansa yakan miƙe ya ƙi kwantawa, kuma wannan alama ce da iyaye ke jin nauyin faɗa, alhali likita yana bukatar jin ta, don tana nuna dafin ya yi nisa. Waɗannan sukan bayyana daga 'yan mintoci zuwa sa'o'i kaɗan. Mafi muni su ne numfashi sama-sama da sauri, tafin hannu da ƙafa su yi sanyi, leɓe ya canza launi, tari da kumfa a baki, jijjiga ko suma. Akwai kuma wani tarko da nake so ka sani: yaron da ya sha kuka ya yi shiru ya yi laushi, ba lallai sauƙi ya samu ba. Wani lokaci zuciyar ce ta fara gajiya. Matsalar huhu tana iya zuwa sa'o'i bayan an ɗauka abin ya lafa, shi ya sa muke riƙe yaron da ya nuna alama a ƙalla kwana ɗaya ko da iyaye suna ganin ya warware.

Abin da za ka yi kafin ku isa kaɗan ne. Wanke wurin da ruwa da sabulu. Cire zobe ko awarwaro ko duk abin da ya matse gaɓar. Ɗora tsumma mai sanyi, ko ƙanƙara da aka naɗe a ƙyalle. A ba shi farasitamol daidai nauyinsa in yana iya haɗiya. A ɗauke shi, kada a bar shi ya yi gudu. In yana amai a kwantar da shi ta gefe, in numfashi na yi masa wuya a zaunar da shi a jingine. Ka duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya faru, za a tambaye ka. In an kashe kunamar, ɗauki hotonta da waya, amma kada a ɓata minti goma ana ɗaga kaya ana nemanta.

Kada a yi tsaga, kada a tsotsa, kada a yi ƙaho, domin dafin ya riga ya bazu, sai dai a ƙara wa yaro ciwo da ƙwayoyin cuta. Kada a ɗaure gaɓar da igiya ko roba. Kada a ƙona wurin, kada a zuba fetur ko ruwan batir. Wanda na fi tsoro shi ne ɗura: a danne yaron da ke amai ana ɗura masa madara ko manja ko jiƙo, abin ya sarƙe shi ya gangara huhun da da ma yake cikin haɗari. Haka kuma kada a ba shi maganin barci ko wani maganin zafi mai ƙarfi daga kemis don ya yi shiru.

Batun tofi kuwa, babu mai hana ka. Ya tabbata a hadisi cewa wani sahabi ya karanta Fatiha ga shugaban wata ƙabila da aka harba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amince da abin da ya yi. Ka yi tofinka a cikin mota ko a kan babur, kuna tafiya. Addu'a ba ta bukatar a tsaya.

A asibiti, in zafi ne kawai, akan yi allurar kashe zafi a wurin harbin, a duba batun allurar tetanas, a sa ido na wasu sa'o'i. In alamomi sun bayyana, sai a shiga lura da bugun zuciya da hawan jini da numfashi, a ba da iskar oksijin. Akwai makarin dafi, wanda ake samu daga jinin dawakin da aka saba musu da dafin kaɗan-kaɗan. Masar da Aljeriya da Tunisiya da Saudiyya duk suna yin nasu. Abu biyu game da shi: makarin maciji ba ya aiki a kan kunama, kuma amfaninsa yana ga saurin ba da shi, domin yana kama dafin da ke yawo a jini ne, ba ya gyara zuciyar da ta riga ta jigata. Likitoci sun yi saɓani a kansa. Wani gwaji da aka yi a Tozeur ta Tunisiya, aka wallafa a 1999, bai ga amfanin ba wa kowa da kowa makarin ba. A Indiya kuwa, Dakta Bawaskar, wanda ya shafe shekaru yana jinyar waɗanda jar kunamar can ta harba a ƙauyukan jihar Maharashtra, ya nuna cewa wani maganin hawan jini mai araha, prazosin, yana rage mutuwa ƙwarai, sannan a 2011 ya nuna cewa haɗa shi da makari yana gaggauta warkewa. Ni abin da na tsaya a kai shi ne: babba mai zafi kawai ba ya bukatar makari, yaron da ya fara gumi da amai kuwa a ba shi da wuri in akwai. In babu, ba a yanke ƙauna ba, domin oksijin da magungunan tallafa wa zuciya irin su dobutamine suna ceton rai. Ƙarin ruwa ma sai da lissafi, don in ya yi yawa huhu yake tafiya. Duk waɗannan hukuncin likita ne, kada ka sayi prazosin ka ajiye da niyyar ba yaro da kanka, yana iya faɗar da jini ƙasa warwas.

Tun kafin iyali su iso, ka je asibitin da ya fi kusa da gidanka ka tambaya: kuna da makarin kunama? Kuna da oksijin da dare? In abu ya fi ƙarfinku ina kuke turawa? Tsakanin Arlit da Agadas tafiyar kilomita wajen 240 ce, ba hanyar da za ka so ka fara tunaninta da yaro a kafaɗa ba. Ka kuma san wanda za ka buga wa ƙofa ya ba ka mota da tsakar dare.

Ita kunamar ba farautar mutum take yi ba. Da rana tana ɓoye a ƙarƙashin dutse, cikin tsagar bango, tarin itace, tubali ko tsummokara, da dare ta fito neman ƙwari. Ganinta ba shi da ƙarfi, motsin ƙasa take ji ta ƙafafunta. Harbi yana faruwa ne in an taka ta, ko an kwanta a kanta, ko an zura hannu inda take. Ta fi yawo a watannin zafi, daidai lokacin da kowa ke shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kuma ruwan sama na farko yana koro ta daga rami. A watan Nuwamban 2021, bayan wani ruwa mai ƙarfi a Aswan ta Masar, mutum sama da 500 kunamu suka harba cikin 'yan kwanaki. Don haka yaranka su kwana a kan gado, ba a ƙasa ba, a janye gadon daga bango, kada zani ya taɓo ƙasa, a sa gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Ba ta iya hawa abu mai santsi, saboda haka zura ƙafafun gado cikin kwalabe masu faɗin baki yana taimakawa. A kakkaɓe takalmi da tufafi da shimfiɗa kafin a yi amfani da su, kullum, har ya zama ɗabi'a. Kada yaro ya fita fitsari da dare ba takalmi ba fitila. A toshe tsagogin bango da ƙarƙashin ƙofa, a nisanta tarin itace da duwatsu daga ɗakin kwana. Kaji da zabi suna cin kunama, bushiya ma haka, in ka gan ta a gida ka bar ta. Akwai kuma wata 'yar tocila mai haske shuɗi-shuɗi, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita. Jikin kunama yana ƙyalli da kore a ƙarƙashinta, ko daga nesa. Ka saya, ka riƙa zagaya tsakar gida da ita kafin a kwanta.

Saura maganar kuɗi. Tana da tushe. A cikin dafin akwai wani sinadari, chlorotoxin, da aka gano a farkon shekarun 1990, wanda yake manne wa ƙwayoyin wata sankarar ƙwaƙwalwa ya ƙyale lafiyayyun. Masu bincike a Seattle ta Amurka, ƙarƙashin Dakta Jim Olson, sun haɗa shi da wani rini mai haske don likitan tiyata ya riƙa ganin iyakar ƙarin da zai yanke. Daga irin wannan ne labarin cewa galan ɗaya na dafin ya kai dala miliyan 39 ya bazu a intanet. Amma lissafi ne aka yi daga farashin ɗan mitsitsin da ɗakunan bincike ke saya, tatacce, mai takardar shaidar inganci, aka ninka har ya cika galan. Babu wanda ke sayen galan. Tatsa ɗaya, ko an yi sa'a, ba ta wuce miligiram 2, kafin ka haɗa giram guda sai ka tatsi ɗaruruwa ko dubbai, sannan a busar da shi da na'ura cikin sanyi, in ba haka ba ya lalace. Shi kansa chlorotoxin ɗin yanzu haɗa shi ake yi a ɗakin gwaji ba tare da kunama ba. Wanda ya tara kunamu a bokiti a gidan da ke da yaro mai shekara 3, bai samu mai saye ba, ya kuma kawo abin da muke gudu har cikin ɗaki. Ka ce wa abokin naka ya bar wannan shawara, kai kuma ka fara da sayen gadon yara da gidan sauro kafin ranar da za su taso.